Zomon Tagar Misis Hallett

Ranar Talata da hantsi Misis Prudence Hallett ta buga waya caji ofis tana kuka. An cire gilashin tagar tsohon gidanta mai rufin ciyawa, wanda take ba 'yan hutu haya a ƙauyen Nether Wendlow. Gilashin bai fi tafin hannu ba, an zana masa zomo da shekarar 1640, amma duk ƙauyen da shi suke taƙama.

Kafin Sufeto Marjorie Tennick ta iso, maƙwabta sun riga sun yanke hukunci: baƙin da ke ciki ne.

Baƙin kuwa Lloyd Beckford ne, tsohon direban bas daga Birmingham, da matarsa Hyacinth. Murnar cika shekara hamsin da aure ta kawo su. Sufeto ta tarar sun buɗe akwatunansu a tsakar ɗaki.

"Bismillah, ki duba," in ji Lloyd, ƙirji a miƙe. "Shekara talatin da takwas ina ɗaukar jama'a, ko lemar da aka manta ban taɓa kai gida ba."

Ba ta taɓa akwatunan ba. Sun ce jiya sun wuni a kasuwar gari, kuma sun kulle ƙofa. Ta duba tagar, ta ga daga ciki aka kankare dalmar da ke riƙe gilashin, a tsanake, aikin wanda ya san darajarsa.

Misis Hallett ta rantse makulli ɗaya ne. Da aka matsa mata, ta amsa akwai wani a ƙarƙashin tukunyar fure, wanda 'yan ƙauyen kaɗai suka sani.

Wajen fita Sufeto ta sunkuya, don ƙofar gajeriya ce. A jikin katakon sama ta ga busasshen jini da silin furfura. Lloyd gajere ne, ga sanƙo.

A gidan shayi ta samu Gerald Pennifold, shugaban ƙungiyar tarihin ƙauyen, dogo, yana yi wa mutane jawabi kan illar baƙi. Ya ja hula har gira, cikin zafin Yuli.

"Mista Pennifold, yaushe rabonka da gidan hayar Misis Hallett?"

"Tun bara."

"Cire hularka."

"Marjorie, a gabana fa aka haife ki."

"Sufeto Tennick. Cire hular."

Ya cire. Ga sabon rauni a goshi, ya kumbura. Da farko ya ce ƙofar garejinsa ce. Ta ce to ba damuwa, likitan 'yan sanda zai gwada jinin da ke katakon. Nan ya amsa laifinsa. Ya ce gilashin na cikin durowarsa, naɗe da tawul.

"Kayan kakanninmu ne," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Kowane mako sai wani baƙo ya kwana a ƙarƙashinsa."

"Shi ya sa ka bari a kira tsofaffi biyu ɓarayi? Ni ma 'yar ƙauyen nan ce, ba da sunanmu ka yi ba."

Babu hanyar zuwa motar 'yan sanda sai ta ƙofar gidan hayar. Lloyd na tsaye a bakin shinge cikin kwat ɗinsa, Hyacinth riƙe da hannunsa. Pennifold ya wuce su da ankwa, kansa a ƙasa. Misis Hallett ta matso tana ba da haƙuri, tana tambaya ko tafiya za su yi.

"Mu tafi ina?" in ji Hyacinth. "Har Asabar muna nan. Lloyd, ɗora ruwan shayi, Sufeto za ta dawo ta sha."