Fuskar Doña Monse

Ranar da Neftalí Arocho ya fara zuwa gidan su Yarelis a Ponce, birni a wani tsibiri da ake jin Sifaniyanci, tana baranda tana ɓare ayaba. Ya tsaya a bakin ƙofa da jakar zane a kafaɗa, ya yi gaisuwa da Sifaniyancinsa na 'yan New York, duk a karye. Ta kwashe da dariya.

"Kai ne mai zanen? Da wannan bakin za ka yi littafin kakata?"

"Nawa aikin na hannu ne, Malama. Na baki kuma ke aka bar wa."

Gaskiyarsa. Kamfanin ɗab'i ya ba Yarelis aikin rubuta wa yara labarin kakarta, Doña Monse Quiles, mawaƙiyar kiɗan gargajiya na plena da tsibirin duka ya haddace waƙoƙinta. Za ta rubuta da Sifaniyanci da Turanci, saboda yaran da aka haifa a ƙetare. Shi kuma zai zana shafi goma sha shida. Sai dai hotunan ƙuruciyar marigayiyar guguwa ta kwashe su tare da rufin gidan, saura na tsufanta da ke kan faifan waƙoƙinta.

"An ce ke kika ɗauko ta," in ji shi. "Zauna in gwada."

Ta zauna. Zaman kwana ɗaya ya zama na wata biyu. Tana gyara masa harshe, yana zana ta, kofi na hucewa a tsakaninsu. Wata safiya saƙonsa ya shigo wayarta:

"Malamata, jiya na zauna zana teku, sai ga shi ya fito da idanunki. Ki zo ki kwashe kayanki."

Ta mayar masa: "Ɗan New York, ka yi kuskure biyu a layi ɗaya. Amma na yafe. Ina hanya."

Mahaifinta, Don Eusebio kafinta, bai yi dariya ba da ya gane inda aka dosa.

"Ina ɗan shekara bakwai kiɗa ya ɗauke mini uwa zuwa New York," ya ce. "Sai a rediyo nake jin ta. Yanzu kuma fenti zai ɗauke mini 'ya? Ba da ni ba."

Wilfredo kuwa, makaɗin bandirin unguwa da ya daɗe yana bin ta tana zillewa, ya tare ta a dandali.

"Ke, Yarelis, farka. Fuskarki yake so, ba ke ba. Ranar da ya gama shafin ƙarshe jirgi zai hau."

Ta koma gida ta baza zanen a kan gado. Shafi goma sha shida, ita ce a kowanne. Ta ɗauki waya ta rubuta: "Ka nemi wata fuskar. Tawa ta gaji."

Bai amsa ba. Kwana ɗaya, biyu, mako guda. Ta daina cin abinci sosai, tana cewa zafi ne.

Abin da ba ta sani ba shi ne, tun washegari Neftalí ya je shagon mahaifinta da farar takarda.

"Don Eusebio, na janye zanen duka. Saura mako uku in miƙa, in ba haka ba a ba wani. Kai kaɗai ka rage da ya san fuskarta tana matashiya."

"Fita mini daga shago."

Ya fita, ya zauna a kan benci a waje yana zane. Ya dawo washegari, ya sake dawowa. A rana ta huɗu tsohon ya zo wucewa da katako, ya leƙa, ya ja tsaki.

"Wannan hancin na wa ne? Uwata ba ta da hancin aku. Faɗaɗa shi."

Ya faɗaɗa.

"Wushiryar fa? Kuma a girar hagu akwai tabo, dutsen guga ne ya ƙone ta. In za ta yi waƙa takalmi take cirewa. Kai, matsa in zauna."

Ranar Asabar Yarelis ta kawo wa mahaifinta shinkafa da wake a kwano. Ta tarar da shi zaune kusa da Neftalí, riƙe da takarda, hawaye na bin gashin bakinsa. A takardar wata mata ce da ba ta taɓa gani ba, ba takalmi, idanunta a rufe, tana rera waƙa ga wani yaro da ta ɗora a cinya.

"Haka ta yi mini ranar da za ta tafi," ya ce. "Na manta, sai da yaron nan ya dame ni."

Ta juya ga Neftalí. "Ba ta kama da ni ko kaɗan."

"Ko kaɗan. Littafin ya daina bukatarki, hasken idona. Ni ne ban daina ba."

Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta zauna a kan tarin katako.

"Shi ne ka ƙi amsa mini? Mako guda!"

"Na rubuta sau tara. Tsoro nake ki ƙirga mini kuskure."

Don Eusebio ya share fuska da bayan hannu. "To, kai, yaushe jirginka?"

"Na mayar da makullin ɗakina na can, Baba. Makarantar firamaren bayan kasuwa ta ɗauke ni koyar da zane."

Tsohon ya dube shi, ya buɗe kwanon, ya tura masa cokali.

An ɗaura auren a watan Disamba a ƙaramar cocin unguwa, kwana tara bayan littafin ya fito. Wilfredo ne ya ja makaɗa, fuska a murtuke da farko, daga baya ya fi kowa gumi. A bakin ƙofar coci amarya da ango suka sunkuya gaban Don Eusebio.

"Baba, sa mana albarka."

Ya ɗora hannuwansa masu kanta a kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin harsuna biyu. Ku tashi haka nan, abinci na hucewa."