Ranar da Tsoho Ya Riƙe Waya

Abin da Dogo ya yi cin amana ne, ba shi da wani suna.

Shi da amininsa Injiniya suka buɗe ɗan kamfanin kai saƙo a shago mai taga ɗaya: mutum ya kira waya, mai babur ya je ya ɗauki kayansa. Samarin da suka gaji da zaman benci suka samu abin yi. A nan Injiniya ya fara ganin Auta, ranar da ta kawo rigunan aikin da ta ɗinka wa masu baburan. Ya gwada ɗaya ta matse shi, ya ce laifin cikinsa ne, ba na tela ba. Ta yi dariya, shi kuma ya kasa cire rigar har yamma.

Mahaifinta ya ce ba ya ba da 'ya ga wanda sana'arsa ke cikin waya, sai ya gani da idonsa. Ya sa rana. Dogo ya san ranar, kuma shi ma yana son Auta a ɓoye. Ya bi masu baburan ɗaya bayan ɗaya, ya ce kamfanin ya mutu, su biyo shi.

Da safe Injiniya ya tarar da shago wayam. Ya rubuta mata: "Autata, wanda muke ci a kwano ɗaya ya watsa ni. Kada ki jira."

Ta amsa: "Ban nemi shawararka ba, masoyi. Baba yana hanya."

Mahaifinta ya iso, waya na ta ƙara.

"Baba, ka gafarce ni, wata baiwar Allah na jiran magani," in ji Injiniya. Ya hau babur ɗin da ya rage, ya manta wayar a kan tebur.

Tsohon ya ɗaga don ya kashe ta, ya ji muryar mai neman a kai mata kaya. Haka ya wuni yana amsawa, yana faɗa da masu gaggawa. Da yamma ya ce kunnensa ya shaida aiki ne. Shi da kansa ya bi gidajen samarin ya faɗa wa iyayensu gaskiya, samarin suka dawo suna sunkuyar da kai.

Aka ɗaura aure, tsohon ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ƙara wa shagon ma'aikata.

Dogo kuwa ba a gayyace shi ba. Babu mai yi masa aiki, babu mai ba shi saƙo. Ya bar unguwar.