Takardar Auren Kaka Philomena

"Ba zan bayar ba, Keeley! Ko birgima za ki yi!"

Kaka Philomena ta dire butar shayi da ƙarfi. Keeley ta goge hawaye. Shekara guda ke nan tana zarya tsakanin Liverpool da Utrecht, birnin saurayinta Joris a wata ƙasar Turai, da ta cika kwana casa'in doka ta koro ta. Mafita ɗaya ce: kakarta haifaffiyar Ireland ce, da takardar haihuwarta da ta aurenta Keeley za ta sami fasfon Ireland, wanda zai ba ta damar zama a ƙasar Joris, kusa da shi.

"Haba Kaka, takarda ce fa, ba ƙoda na roƙa ba!"

"Ƙasar da ta kore ni za ki bi wa layi? Ki sami fasfo biyu ki tsere, wa zai ƙara leƙo ni?"

Da ta gaya wa Joris a waya, sai ya hau faɗa. "Ki yi odar kwafi daga ofishin rajista mana! Har yaushe zan jira?"

"Ba zan zagaye ta ba. In ka gaji, faɗa mini yanzu."

Gogan dai bai gaji ba.

Wata biyar Keeley tana raka tsohuwar coci kowace Lahadi, ba ta sake tayar da zancen ba, ga kewa tana cin ta. Ran nan suna cin abinci tare da Denise, mahaifiyar Keeley, sai ga Kaka da gwangwanin biskit, ta ciro takardar aurenta daga ciki.

"Ku duba kwanan watan. Denise, kina da shekara biyu aka ɗaura auren nan. Da cikinki, ba aure, aka sa ni a jirgin ruwa zuwa Liverpool, ina 'yar sha bakwai. Abin da nake ɓoyewa ke nan."

Denise ta riƙo hannunta. "Mama, tun ina 'yar sha huɗu na buɗe gwangwanin nan. Jira kawai nake ki faɗa da bakinki."

Kai, ranar an sha kuka!

Fasfo ya fito bayan shekara. Kafin bikinta da Joris, Keeley ta kai kakarta ƙauyen da aka haife ta a Ireland, tsohuwar ta shiga da kanta a ɗage, jikarta a dama, Joris a hagu. Da Keeley ta yi gaggawa, da ta sami takarda ta rasa kaka. Ta yi haƙuri, ta haɗa duka biyun.