Allurar Ƙarfe a Jikin Ɗan Tauri

Muhsina ta durƙusa a zauren Baba Shitu riƙe da takardar asibiti, har gwiwoyinta suka yi tsami, tsohon bai ko dubi inda take ba.

"Baba, hannu kawai za ka sa... Likita ya ce jinkirin shi ne abin tsoro."

"Ƙarfe za su zuba wa ɗana a jini?"

"Ƙanana ne, Baba. Sun fi garin kwalli laushi, ido ma ba ya ganinsu."

"Ƙarfe dai ƙarfe ne, yarinya. Tashi ki tafi gidanku."

Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan nan a Ƙafin Maiyaki, kuma gajera ce. Don haka ba laɓe na yi ba, maganar ce ta tsallako.

Baba Shitu ɗan tauri ne, gada ya yi. Ya dafa ɗansa Sagir da maganin ƙarfe tun kafin ya yi gemu. Na sha ganin ana goga wa Sagir wuƙa a ciki a wasan sallah ba ta kama shi ba. Ko maganin ne, ko wuƙar ce dakusasshiya, ban taɓa ta ba balle in faɗa.

Sagir bakanike ne, yana gyaran babura a Kwanar Dangora. Can ya haɗu da Muhsina, 'yar garin Ƙofa, mai karatun aikin jinya. An sa rana, har an fara haɗa lefe, sai ciwon kai ya sa shi gaba. Amai da sassafe, mantuwa, wata rana ya faɗi a wurin aiki yana ta karkarwa. Ita ta ja shi Kano. Hoton farko ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwa, amma dishi-dishi, ba a ga iyakarsa ba. Ruwan allurar da aka saba yi don hoto ya fito sosai kuwa, likita ya ce ƙodar Sagir ba za ta ɗauka ba. Sai dai akwai wata sabuwa da suke gwadawa, mai ɗauke da mitsi-mitsin ƙarfe. Suna bin jini su taru a gefen ƙarin, washegari na'ura ta nuna shi sarai, mai tiyata ya san inda zai yanka da inda zai bari. Tunda hankalin Sagir yana zuwa yana tafiya, suka ce sai mahaifi ya sa hannu.

Shi kuwa tsohon a wurinsa maganar a fili take. Jikin da aka dafa ya ƙi ƙarfe, in aka ɗura masa ƙarfe ta ciki, faɗa za su yi, yaron ya mutu a tsakani.

Sai ga Shamsiyya, 'yar ƙanwar tsohon, wadda ta daɗe tana kai wa Sagir kunun da bai roƙa ba. Ta bi gidaje tana cewa 'yar boko so take a karya masa tauri don ta mallake shi. Ni ma na kai zancen gida biyu, Allah ya yafe mini. Kafin mako aka hana Muhsina shiga gidan.

Sau ɗaya ta samu ganinsa, a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Ta roƙe shi, ta yi kuka, ta ce ko a ɓoye su tafi.

"Sanyin idona," ya ce, "in na warke babu albarkar Baba, da wane ido zan dube shi?"

"Ni kuma da wane ido zan dubi kabarinka?"

Kansa ya riƙe.

Tun ana shukar masara har aka karye ta, ana ta hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Hannunsa na hagu ya shanye. Wata ranar Talata ciwon ya buga shi a tsakar gida, ya faɗa kan fartanya, goshi ya tsage, jini ya wanke masa fuska. Baba Shitu ya daɗe yana kallon bakin fartanyar. Sai ya ce ashe maganin ya riga ya bar jikin, yanzu babu abin da zai yi faɗa da allurarsu. A kirawo yarinyar.

Aka yi allura. Washegari hoto ya fito tas, ƙarin ya zagaye kamar an bi gefensa da gawayi. Likita ya nuna musu inda ƙarin ya miƙe ya naɗe jijiyoyin da ba a taɓawa. Tsohon ya tambaya, da sun zo farkon damina fa? Likita ya sunkuyar da kai, ya ce rai na Allah ne, amma da a lokacin ne, da ya gwada tiyatar.

A mota Sagir ya ce wa Muhsina ya yafe mata alkawari, ta je ta yi aurenta. Ta ce ba shi ya ba ta zuciyar ba, balle ya karɓe.

Baba Shitu da ƙafarsa ya je Ƙofa neman a ɗaura auren. Iyayenta suka ƙi, suka ce ba za su kai 'yarsu takaba da lalle a hannu ba. Tsohon da garin nan ke tsoro ya cire hula ya yi kuka a gaban surukai. Aka ɗaura ranar Juma'a, babu kiɗa. Shamsiyya ta zo cin shinkafa, har da ƙari.

Kwana arba'in da uku suka yi. Ita ke juya shi, ita ke ba shi koko a cokali. Zuwa ƙarshe ya daina gane mutane. Ranar da zai cika na shiga duba shi da hantsi, na tarar tana goge masa baki. Ya zuba mata ido, sannan ya juyo gare ni.

"Iya, wace ce wannan mai kirkin?"

Na ce, "Matarka ce, Sagiru."

Ya yi ɗan murmushi da gefen bakin da ke motsi.

"Tawa?... Ashe na yi sa'a."

Muhsina ta ajiye cokalin a hankali, ta juya fuskarta bango.