Tiren da Aka Mayar a Al Gharrafa

A kicin ɗin yayanta Hambali, a unguwar Al Gharrafa da ke Doha, Jidda ta fara ganin Abdulfatah, hannunsa dumu-dumu da zuma. Hutun sanyi ta zo daga Zariya. Matar Hambali, Eleni, 'yar ƙasar Girka ce, kuma duk ƙarshen shekara sai ta yi girkin garinsu. Shi ya sa ta kira wannan saurayi ɗan Zangon Kumasi, kuku a wani gidan abincin Girkawa a Al Wakrah, ya taya ta.

Ya miƙo wa Jidda biskit mai zuma da kirfa. Ta ce zaƙin ya yi yawa, amma sai ga ta tana ƙarawa.

Kafin mako ya zagayo ya koya mata naɗe shinkafa a ganyen inabi. Tana yi wa Hausarsa dariya, shi kuma yana kiran ta Zumata.

Hambali ya lura. Ya ce ƙanwarsa mai digiri ba za ta ƙare a hannun kuku ba, ga abokinsa Hanif mai karatun dakta. Eleni ta tuna masa irin wahalar da ya sha wurin mahaifinta. Ya ce khalas, a bar maganar.

Ranar sabuwar shekara Girkawa kan yanka kek, kowa da yankinsa, har baƙo. Eleni ta ware na Abdulfatah. Ya iso da tiren gasasshen rago, Hambali ya tare shi a ƙofa, ya ce ya koma da abinsa. Jidda tana tsaye a taga, suka haɗa ido. Ba ta ce uffan ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Zumata, maganar Yaya ba ta dame ni ba. Ki ce in jira, zan jira."

Ta rubuta amsa ta goge, ta sake rubutawa ta goge. Haka ta koma Zariya. Maganar Hanif ta mutu don kanta, kunya kuma ta hana ta neman Abdulfatah har shekara biyu.

Da ta sake zuwa Doha, Eleni ce ta kai ta Al Wakrah wurin Abdulfatah. Ya rame. A bakin teku, iska mai sanyi na kaɗawa, ya gaya mata mahaifiyarsa ta rasu bara. Ya taɓa tura mata hoton Jidda, kuma har ta kwanta ciwo tana tambayar yaushe surukarta za ta zo.

Jidda ta fashe da kuka. "Tsoro na ji, Abdul. Ka yafe mini."

"Na yafe tuntuni," ya ce. "Amma da ko a'a kika ce, da na san abin da zan faɗa wa Mma."

A ranar ta tsaya gaban Hambali ta ce, "Yaya, na yi shiru sau ɗaya, ba zan ƙara ba." Washegari Hambali da ƙafarsa ya je ya ba Abdulfatah haƙuri.

An ɗaura aure a Zariya. Wasilatu, yayar ango, ta zo daga Kumasi da wani zane da marigayiya ta ajiye wa matar ɗanta, ta yafa wa amarya shi da hannunta.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya," ta ce. "Allah Ya jiƙan wadda ta so ganin yau."

Jidda ta riƙe bakin zanen, ta amsa da amin.