Wainar Ranar Suna

A wani gari, can da daɗewa, an yi wata tsohuwa da babu mai iya waina kamarta. Duk macen da ta tambaye ta sirrin ƙullunta, sai ta ce, "Zauna ki gani."

Ƙanenta ɗan kasuwa ya ce, "Yaya, ki riƙa karɓar ko mudun shinkafa mana. Za su ƙwace miki ciniki."

Ta ce, "Kai ma zauna ka gani."

Ana gobe sunan jikarta, sai ta ƙone a hannu, ga baƙi suna hanya. Da safe matan da ta koya wa suka cika gidan, kowacce da tandarta, suka soya wainar.

Ƙanen ya ɗanɗana wainar, ya ce, "Yaya, ashe hannun ya warke?"

Ta yi dariya, ta nuna matan, ta ce, "Wanne daga ciki?"