Madarar Kwakwa a Gidan Inna Sau

Tuyen na tsaye a kicin tana juya madarar kwakwa da sukari a kan 'yar wuta, ta fara kauri ke nan tana kama cokali, sai ga surukarta Inna Sau ta faɗo kamar an jefo ta.

"Yau ma wannan kwaɓen ne? Duk garin Ben Tre an san kofi mai madara da nake haɗawa, amma ɗan cikina ya daina sha tun da kika shigo gidan nan!"

"Ki yi haƙuri Mama, madarar gwangwani ce ba ta karɓe shi ba. Ciwon ciki take sa shi, shi ya sa nake dafa masa ta kwakwa."

"Ciwon ciki? Da ita na raine shi! Ke dai faɗi abin da kike barbaɗawa a ciki."

Gaskiyar magana, tun mijin nata Khiem yana yaro yake shanye kofin uwarsa mai ƙanƙara yana murmushi, sannan ya zagaya bayi ya yi ta murƙususu. Tuyen kaɗai ya taɓa gaya wa, tun yana zuwa zance. Ga shi kuwa a bakin ƙofa, ƙato da shi, komai a kunnensa.

"Yaya Khiem, ka gaya mata mana!"

Sai ya hau sosa ƙeya. Inna Sau ta haɗa kofi da madarar gwangwani, ta cika shi da ƙanƙara, ta miƙa masa. Gogan naka ya karɓa hannu biyu, ya shanye tas, har da cewa, "Kai, babu kamar naki, Mama!" Uwar kuma ta sauke tukunyar Tuyen ta juye a kwata.

Tuyen ta yi kuka kamar ranta zai fita. Ba asarar madarar ce ta dame ta ba, a'a, mijin da take so ne ya tsaya ƙiƙam aka mai da ita maƙaryaciya mai asiri. Da rana ta haɗa kayanta ta hau jirgin fito zuwa gidan iyayenta.

Shiru-shiru Khiem bai zo ba, sai saƙon waya: "Sori, ki ƙara haƙuri." Ƙawaye suka yi ta zuga ta ta tona masa asiri a dangi, ta ƙi.

Wata safiya sai ga Inna Sau a tsakar gidansu, ɗauke da tukunya baƙa ƙirin, idanunta jajir.

"Jiya na bi shi bayan gida, na ji shi yana nishi. Ashe duk shekarun nan cuta nake dura wa yaron nan, shi kuma yana yi min godiya!" Ta dire tukunyar. "Tun jiya nake gwada dafa irin madarar taki har na gaji, sai ƙonewa take."

Tuyen ta ɗauki tukunyar ta duba.

"Wuta kike cika mata, Mama. A hankali ake bin ta, a sa ɗan gishiri. Taho in nuna miki."

Da yamma suka dawo tare. Khiem ya tarye su yana washe baki.

"Dama na san za ki dawo, ƙanwata!"

"Mama ce ta zo biko, Yaya, ba kai ba."

Haƙurin Tuyen ya biya ta, don yanzu Inna Sau ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kanta, kuma ita da kanta take kankare mata kwakwa. Kullum da safe Tuyen na haɗa wa mijinta kofinsa, ta ajiye masa, ta wuce. Ba ta ƙara zama sun sha tare ba.

To samari, ku ji da kyau. Wanda ya ɓoye wa uwarsa gaskiya don kada ranta ya ɓaci ba biyayya ya yi ba, tsoro ne kawai. Khiem ya sa uwarsa kuka a kan abin da ba ta sani ba, kuma matar da ta rufa masa asiri ta dawo gidansa, amma har yau zuciyarta ba ta dawo ba.